Wanda Ya Yi Gyaran Murya a Gummi

Abin ya faru a Gummi, gidan biki, da hantsi, kuma ina wurin, don haka kada kowa ya zo ya gyara mini labari. Mun kai amarya daga Anka, mota cike da mata da kwanuka. Muna sauka aka tarbe mu da fura da nono, nonon kuwa mai tsami, irin wanda ba ya shawara da ciki. Maƙwabciyata Marka ta sha, ta ƙara, ta karɓi ragowar wata. Can an jima na ga ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗaki ba ta ce wa kowa komai ba.

Makewayin gidan babu ƙyaure, tsohon buhu aka rataya a ƙofa. Kowa ya san dokar irin wannan wuri. In kana ciki ka ji tafiya, gyaran murya za ka yi, mai zuwa ya koma. Ba a magana a ciki. To, wata ƙanwar uwar ango ta taho da tata butar. Marka ta ji takun takalmi, ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya. Ta yi gyaran murya.

Matar nan ta saki buta a wurin. Ta faɗo tsakar gida zani a hannu tana cewa, "Ƙato! Jama'a, ƙato cikin makewayin mata!"

Cikin gida ne, mata zalla, kowa ta saki jiki, wata ba kallabi, wata ana mata kitso an kai rabi. Nan take aka shiga neman abin rufa. Mai mayafi ta ja mayafi, wadda ba ta ga nata ba ta yafa tabarma. Uwar ango ta kifa faifai a ka ta tsaya bayan turmi. Maza suka shigo daga waje, mai sanda, mai fartanya, har da wani da ya ɗago kujerar roba sama, ban san me ya yi niyyar yi da ita ba. Kawun ango ya tsaya nesa kaɗan da buhun ya ce, "Kai wa na ciki? Fito tun muna ganin girmanka."

Shiru. Marka mace ce mai tarbiyya, ba ta magana a makewayi.

"Ba ka ji ba? Na ce wa na?"

Sai ta sake gyaran murya, don su san da mutum. Mazan suka ja da baya gaba ɗaya.

Ni na san ko wane ne a ciki. Na so in faɗa, Allah ya sani, amma bakina cike yake da masa, kuma Innata ta hana ni magana da abinci a baki.

Da Marka ta gama abin da ya kai ta, ta ɗaga buhu ta fito, 'yar gajeruwa da ita, buta a hannu, tana gyara ɗaurin kallabi. Aka buɗe mata hanya, idon kowa na bayanta, ana jiran ƙato. Kawun ango ya leƙa, ya ga rami da murfinsa. Ya duba katanga ko akwai sawun wanda ya haura. Sannan ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, ina yab bi?"

Marka ta ce, "Wa?"

Kalma ɗaya ce, amma ta isa. Kawun ango ya sauke sanda a hankali. Sai dai kakar ango ta ce ita ba ta yarda ba sai an maimaita a gabanta. Haka Marka ta aje buta a tsakiyar jama'a, gaban dangin ango da ba su taɓa ganinta ba, ta dafa ƙirji ta yi gyaran murya. Tsohuwa ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, ta ce, "Shi na."

Har yau in mutumin Gummi ya zo unguwarmu sayen man gyaɗa, ba ya tambayar gidan Marka. Gidan ƙato yake tambaya, kuma ba ya ɓata.

Katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata, katangar ma damina ta cinye mata kai, don haka abin da ban sani ba game da Marka bai taka kara ya karya ba. 'Yar wani ƙauye ce ta wajen Bukkuyum. Innarta ta taɓa ba ni labari cewa ranar da aka haife ta, da ta yi kukan farko, sai da ungozoma ta sake dubawa. Da ta tasa, ubanta ya daina ɗaura gwangwanaye a gonar dawa. Masu tsaron wasu gonaki su wuni suna kaɗa igiya suna ihu, Marka ta hau rumfa ta ce "Kai!" tsuntsaye su koma gonar maƙwabci. Fulanin da ke zaune kusa da su sun taɓa roƙon a hana ta kiran ƙanenta da yamma, wai shanu na juyowa.

An yi mata magani, ba a ƙi ba. An ce mura ce, aka ba ta citta da kanumfari. An ce iska ce, aka yi mata turare. Wata gwaggonta ta ce ai uwar ce ta ci naman bijimi da cikinta, wannan kuwa ba shi da magani. Daga ƙarshe kowa ya gaji, aka bar ta da abinta.

Mijinta Manu mai faci ne a bakin tasha, mutumin da in ya amsa maka gaisuwa ya ƙara da "ya gida" to ranar ya yi surutu. Shi ya gaya wa maigidana cewa ranar da ya fara zuwa zance, ya yi sallama a zaure, aka amsa daga ciki, sai ya cire takalmi ya durƙusa ya fara gaida surukinsa. Na taɓa tambayarsa ta kan katanga ko abin na damunsa. Bai daina wanke hannu ba ya ce, "Tun da na auro ta ɓarawo bai shigo min gida ba."

Sana'ar Marka ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. In tana matsar tunkuza waƙa take yi, ƙasa-ƙasa, ba don kowa ba. A haka Uwani ta same ta. Uwani zabiya ce, ita ke da ƙungiyar amada ta unguwarmu, wato mata masu kiɗan ƙwarya da waƙa a gidan suna da gidan biki. Su kaɗai ake bari su shiga har ƙuryar gida, don babu namiji a cikinsu, ƙwaryarsu ma su ke ɗauka a ka. Makaɗa maza a ƙofar gida suke tsayawa rana ta gasa su. Ranar Uwani ta zo sayen mai, ta ji waƙa daga zaure, ta tsaya tana jiran mai gida ya gama ya fita. Da ta gaji ta leƙa, ta ga Marka ita kaɗai da turmi. Ta tsaya tana saurare har ta manta da kwalbar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ke, gobe akwai suna. Ki zo, kuma ki zo da wagga abar."

Daga ranar Marka ta zama 'yar amshi. Jariran da ta fara yi wa waƙar suna yanzu wasunsu sun fi ta tsawo, ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne.

Ni ba mawaƙiya ba ce, amma wanda ya zauna kusa da mahauci ya san tsoka. Muryar mata ba ɗaya ba ce. Akwai siririya irin ta Uwani, mai huda kunne, wadda in ta yi guɗa a Anka kaji su ɗaga kai a Tungar Guru. Yawancinmu ta tsakiya gare mu, da ita muke faɗa, da ita muke kiran yara. Ta ƙasa ce ba a cika samu ba, sai ka cika mota da mata ba ka dace da ko guda ba. Wata malamar firamare da ta taɓa zama unguwarmu ta ce Turawa na da suna na musamman da suke kiran irinta, ta faɗa mini, ya yi kama da sunan maganin tari, na manta.

Mutane na ruɗa ta da dishewa. Wadda muryarta ta dishe ita ma tana sauka ƙasa, amma tana kankara kamar ana goge tukunya da yashi, kuma ba ta nisa take mutuwa. Ta Marka sumul take, kamar man da take tacewa, kuma in ta ja baiti sai ta kai shi gida. In kana son ka tabbata, ka dafa bayanta tana waƙa. Za ka ji yana rawa a tafin hannunka kamar injin niƙa na aiki a wata unguwa. Na gwada, ta buge mini hannu. Tana iya hawa sama in an matsa mata, amma ba ta daɗewa can, kamar baƙuwa a gidan surukai, gaisuwa kawai ta sauko.

A wurin amada baya take zama, kusa da babbar ƙwaryar da ake kifawa cikin kwatarniyar ruwa, mai sauti dum-dum. Ita ke kaɗa ta. Muryarta da ta ƙwaryar nan tare suke tafiya, har ba ka san wadda ta fara ba. Uwani ta tashi sama da waƙa, sauran su bi ta, Marka na ƙasa ta riƙe su. Babu mai yi mata liƙi, babu mai kiran sunanta, masu rawa ma ba su san da ita suke takawa ba. Ita kuma ba ta taɓa nuna ta damu ba. Marka ba ta da yawan fita. Amadar nan ita ce kasuwarta, ita ce ziyararta, kuma nan kaɗai ne muryar da ake mata dariya a kanta take da wurin zama.

Waya ce ta kawo fitina. Uwani ta hana a ɗauke su hoto, don mata a wurin amada ba su da mayafi a ka. To wata mai jego da waƙa ta yi wa daɗi ta kifa wayarta kan tabarma ta ɗauki murya kawai. Daga wayarta ta je ta ƙanwarta, daga can ta faɗa hannun mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi. Kafin wata ya mutu 'yan kabu-kabu na yawo da mu a aljihu. Na ce da mu, don ana jin tarina a wajen ƙarshe.

Magaji mai awon hatsi ya ji ta a rumfarsa. Matarsa Basira na cikin 'yan amshi, ita ke kaɗa ƙaramar ƙwarya. Aka ce ya sa a mayar masa da waƙar baya, ya kara kunne, ya ce, "Wanga na baya fa, mijin wa na?" Ya rufe buhunansa rana tsaka ya tafi gida. Daga ranar Basira ba ta sake fita amada ba. Bai tsaya nan ba, ya kai maganar majalisarsu. Wani ma ya hana tasa matar. Gidan da suka kira Uwani suna suka aiko cewa a dakata tukuna, wai mai gida na nazari.

Uwani ta aika wa Magaji da rantsuwa cewa Marka ce. Ya aiko da amsa ta bakin Basira cewa ya san Marka, ya sha sayen mai a hannunta, maganarta da kauri, bai musa ba. Amma magana daban, waƙa daban. Shi tun yana yaro yake sauraren rediyo, ba za a koya masa muryar namiji ba. Aka ce to ya zo ya gani. Ya ce shi ba ya shiga taron mata, ba irin wancan ƙaton ba ne. Aka rasa yadda za a yi, don matar aure ma ba ta tsayawa gaban maza ta buɗe baki ta yi waƙa. Shi ba zai shiga ba, ita ba za ta fito ba.

Wata safiya Uwani ta zo gidan Marka ba kwalba a hannu. Ni lokacin ina tsaye kan turmi ina shanya kuɓewa a kan katanga. Kuɓewar ta bushe tun shekaranjiya, amma ba a wasa da shanya.

Uwani ta ce, "Marka, kin san ba ni da kamarki."

"Yaya, maganar da anka fara da hakan ga ba ta ƙarewa da daɗi."

"Gidaje sun fara rufe muna ƙofa. Basira na can tana kuka. In anka ci gaba haka, ƙwaryar nan sai dai mu sha fura da ita."

"To mi zan yi?"

"Ki tsinka ta kaɗan. Ki ɗaga ta sama kamar ta kowa."

"Kunu na, in ƙara mishi ruwa?"

Uwani ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ko ki tsinka ta, ko ki huta gida. Ni ma ba son raina ba na."

Da ta fita, Marka ta mayar da hannu cikin tunkuza. Sannan ta ɗago ta ce, "Baraka, kuɓewarki ta ƙone." Na sauka.

Ta gwada, wannan zan shaide ta ko a gaban alƙali. Ta sha zuma da ɗanyen ƙwai. Ta kurkure da ruwan kanwa. Wata ta ce ta ɗaure wuya da kallabi in za ta kwanta, ta ɗaure, Manu ya kwance mata don yana son matarsa da rai. Kowace safiya in ya fita sai ta shiga ɗaki ta rufe ta fara gwajin siririyar murya. Ranar farko akuyata ta amsa. Rana ta biyu maigidana ya ɗauko baƙin mai ya zuba wa ƙyauren ɗakinmu, ya buɗe ya rufe, ya ce ba daga nan ba ne.

Da sabuwar muryar ta je wani suna, cikin 'yan gidajen da ba su rufe ƙofa ba. Uwani ta ɗauko waƙa, aka zo amshi, Marka ta matse wuya ta saki abin da ta tanada. Jaririn da ake taron dominsa, wanda ya yi barci ana masa aski, ya farka ya tsala ihu. Uwani ta juyo ta yi mata ido. Daga nan har aka tashi Marka baki kawai take motsawa, kamar mai tauna goro. Waƙar ranar kuwa ta yi ta hawa sama. Uwani ta ɗaga, 'yan amshi su ɗaga, babu mai jawo su ƙasa, kowane baiti ya fi na baya tsini, har Uwani ta sarƙe ta nemi ruwa. Masu rawa suka zauna da wuri suka ce zafi ne. 

Marka ta shigo gida ta soke sandunan kiɗanta a rufin rumfa. Ba ta sake zuwa ba, Uwani ba ta sake aikowa ba. Abin da ya fi damuna, ko wurin matsar tunkuza ta daina waƙa. Sai ƙarar muciya kawai nake ji. Na leƙa na ce, "Ƙato, yau ba gaisuwa?" A da in na faɗi haka sai ta jefo ni da ƙuli, shi ya sa ma nake faɗa. Ranar ba ta ko ɗago ba. Na jira ƙuli bai zo ba, na sauka daga turmi.

Manu ne ya warware abin, kuma da taya ya warware shi. Babur ɗin Magaji ya taka ƙusa ranar kasuwa, ya turo shi bakin tasha. Manu ya cire taya, ya fito da tib, ya tsoma cikin ruwa, ya gano huda, sannan ya aje komai ya zauna. Maigidana na wurin, shi ya kawo mini. Ya ce Manu ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi a shekarar nan tsawo.

"Magaji, ka zo ƙofar gidana gobe bayan la'asar. Ka zo da wanda kaka so. Ka turo macce daga gidanku ta shiga ta bincike ko'ina. Ni ina waje kusa da kai. Matata za ta yi waƙa cikin gidan mijinta, ba mai ganinta."

Magaji ya ce zai duba. Manu ya ce to shi ma zai duba tayar. Suka zauna suna kallon tib. Da rana ta fara yi wa Magaji yawa, ya ce to.

Gaban gidan Manu wani ɓangaren katanga ya faɗi, an tare da zana. Nan aka shimfiɗa tabarmi. Magaji ya zo da mutanen majalisarsu, Manu kuma ya ɗauko Nababa, wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana amshi wurin makaɗan noma, yanzu ba ya gani sosai amma kunnensa na jin faɗuwar allura. Magaji ya turo yayarsa, mace mai jiki da ba ta wasa da aiki. Ta duba ƙarƙashin gado, ta leƙa rumbu, ta buɗe randa, ta ɗaga buhun gyaɗa ta girgiza. Sannan ta zauna gaban Marka, gwiwa da gwiwa. Uwani ta kifa ƙwarya cikin ruwa. Ni ma ina ciki a matsayin shaida, ko da yake babu wanda ya naɗa ni.

Uwani ta ɗauko waƙar mai jego:

"Uwar jariri taso ki taka,
Kunun kanwa ya sauka."

Amshin shi ne, "Ya sauka, a miƙo ludayi." Marka ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta daɗe rabonta da waƙa, ga maza a bayan zana tana jin tarinsu. Uwani ta sake jan baitin, ta taka mata ɗan yatsan ƙafa. Sai Marka ta rufe ido ta saki. Muryar ta fito daga can ƙasa, a hankali, mai ɗumi, ta cika tsakar gidan. Na ga ruwan kwatarniya na rawa tun kafin a taɓa ƙwaryar. Yayar Magaji ta saki baki.

Daga waje Magaji ya ce, "Kun ji ko? Wallahi namiji na!"

Yayarsa ta ce, "Magaji, ga ni gabanta, bakinta nika kallo."

"An ɓoye shi wani wuri, Yaya."

"Cikin randa? Na duba."

Nababa ya ce a yi shiru. Ya ce, "Ɗana, ba ka iya saurare ba. Namiji in zai kama wurin da wagga ta kama, hawa shika yi, kamar mai ɗora buhu bisa jaki. Za ka ji jijiyar wuya. Wagga ba hawa tay yi ba, zaune take cikin ɗakinta ta miƙe ƙafa." Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗiyata, ja shi sama, sannu-sannu."

Marka ta sake jan amshin, tana hawa. Can wani wuri muryar ta ɗan yi tuntuɓe, ta sauya, ta fito fes, ta mace sak, mai 'yar kunya. Ta riƙe kaɗan ta sauko gida.

Nababa ya ce, "Kun ji inda tat taka dakali? Namiji in ya kai nan maƙalewa shika yi, ko shi yi muryar ƙarya. Wagga tana da ɗaki sama, tana da ɗaki ƙasa, na ƙasan ta fi so."

Magaji ya ce, "Baba, wannan duk zance na."

"To mu auna, tunda awo as sana'arka. Kai namiji na, ba mai musu. Ja muna amshin nan mu ji yadda na maza yake."

Magaji ya ce shi ba maroƙi ba ne. Mutanen da ya kawo da kansa suka ce ai gaskiya ake nema, baiti ɗaya ba ya zubar da girma. Suka matsa. Muna ciki muka ji ya ja numfashi.

Ni ban taɓa lura da muryar Magaji ba, don kullum cikin hayaniyar kasuwa nake jinta. Ranar na ji ta ita kaɗai. "Ya sauka, a miƙo ludayi." Ta fito siririya, tana rawa, kamar sauro ya samu kunne. Uwani, wadda ta yi shekaru tana neman mai kama mata sama, ta ɗago kai da sauri kamar za ta tambayi ko 'yar gidan wa ce.

 Na leƙa ta hudar zana na ga Manu na kallon ƙasa, sauran na kallon sama. Nababa ya ce, "To. Allah mai rabo." Yayar Magaji ce ta fara, ta yi dariya har ta faɗa kan kwatarniya, ruwa ya jiƙe ni.

Magaji ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce shi dama bincike yake yi, kuma bincike ba laifi ba ne. Ya ce Basira ta koma amada, amma a daina ɗauka a waya. Wanda ya bi shi ya hana tasa matar ya ce shi dama bai hana ba, ƙafa ke mata ciwo. A ciki Uwani ta miƙa hannu rufin rumfa ta zaro sandunan kiɗa ta ɗora wa Marka a cinya. Ta ce, "Asabar akwai suna. Ki zo da abarki yadda take, kada ki rage komai."

Da Magaji ya tsaya nan da ya tafi da sauran girmansa. Amma yana saka takalmi sai ya ce, da ƙarfi yadda na ciki za su ji, "Dud da haka dai, macce da muryar maza! Ina ma tas samo ta?"

Marka ta aje sanduna, ta matsa jikin zana, ba gaggawa. Ta ce, "Ƙofar gidanka na tsince ta, Malam Magaji. Na yi cigiya har na gaji, ashe mai ita bai san ta faɗi ba."